Na'urar Shabu Mai Suma Ran Kasuwa

Tun da na dawo daga Lafia ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon Ɗanlami mai gyaran rediyo, duk wanda ya zo sai ya ce, "Injiniya, yaya Lafia? An ce ka dawo da doya, ina tamu?" Wasu kuma so suke su ji ko gaskiya ne na miƙe tsaye a gaban jama'a na ba wata mata haƙuri, ni da ko a gida ba a san ni da wannan hali ba. Gaskiya ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Doya kuwa ta ƙare, kada wanda ya sake tambayata.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, ni mai haɗa wa ofisoshi layukan waya ne, a nan Zariya nake zaune. Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiyar manoma a Shabu, kusa da Lafia, ta ba ni aikin haɗa mata layi. A shagona na haɗa komai, na tura aka kafa ina ba da umarni ta waya, ban taɓa taka garin ba. Tsarin ba shi da wuya. Akwai kwamfuta guda mai karɓar kira, wadda mu masu sana'ar muke ce wa saba. Manomi ba ya kashe katinsa, filashin kawai zai yi, wato ya kira ya katse. Sai sabar ta sa lambarsa a sahun masu jira, ta kira shi ta karanta masa farashin doya da riɗi da agushi, sannan ta tura masa saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar da taraktar ƙungiya za ta zo gonarsa. Mai kula da ɗakin na'urar, wadda take naɗar farashin da muryarta kowace safiya, sunanta Madam Rifkatu.

Na kuma sa wa sabar wani ɗan mai gadi a cikinta. Idan ta sandare sai ya kashe ta ya sake kunnawa, ya turo mini saƙon gargaɗi a wayata. Fiye da shekara ban ji ɗuriyarsa ba sai jefi-jefi. Da damina ta kama bana, sai wayata ta zame mini abin fargaba. Wata rana shiru, wata rana kuma saƙo a kan saƙo: ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Ina cin abinci yana shigowa, ina wurin ɗaurin aure yana shigowa. Abin haushin shi ne duk lokacin da ta tashi, bayanin abin da ya kayar da ita ya goge. Sai in leƙa ta daga nan in tarar da ita garau, kamar ba ita ba.

Na kira Madam Rifkatu na tambaye ta abin da ta lura da shi. Ta ce, "Oga Injiniya, ni dai abin da na gani, ranar kasuwa ne yana yi." Na ce to. Na ɗauko saƙonnin na jera su a kan ranakun mako. Litinin akwai, Asabar akwai, Alhamis akwai, Talata, har da Lahadi. Ga kuma 'yan tsirarun da ɗauke wuta ta jawo, sun shiga tsakani sun ƙara dagula abin. Ni kuwa a ƙauyenmu Laraba kasuwa take ci tun zamanin kakana, kuma duk kasuwar da na sani tana da ranarta a mako. Wace kasuwa ce za ta ci Litinin, ta ci Asabar, ta dawo ta ci Talata? Nan take na yanke cewa matar nan kame-kame take yi. Na rubuta wa shugaban ƙungiyar, Baba Agbo, rahoto cewa na'ura lafiyarta ƙalau, faɗuwar ba ta bin wata rana, saboda haka da alamar hannun mutum a ciki. Ban kama suna ba, amma mutum ɗaya ce take riƙe da makullin ɗakin.

Ba a daɗe ba Baba Agbo ya kira ni. Ya ce kwamiti zai zauna ran Juma'a a sallami Rifkatu, in zo in tabbatar musu da abin da na rubuta. Matata Hadiza tana gefe tana tsince shinkafa, ta ji komai. Da na ajiye wayar ta ce, "Kai ka ga ta taɓa na'urar?"

Na ce, "Ba sai na gani ba, ai ilimi ne."

Ta ce, "Ilimin ne zai raba baiwar Allah da abincinta, kana zaune a Zariya a ƙarƙashin fanka?" Na yi mata faɗa cewa ba ta san aikin ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da na shiga ɗaki na ga ta riga ta ciro mini jakar tafiya ta ajiye a kan gado.

Ran Talata da sassafe na isa tasha cikin farar shadda mai sitaci, don in sauka a Lafia da kwarjini. Kwandasta ya rantse mini saura mutum ɗaya a tashi. Wannan mutum ɗayan sai da muka jira shi har rana ta yi zafi. Kusa da ni wani dattijo ya zauna, Alhaji Sule, mai sayar da kayan ƙarfe a Lafia. Ya ce a can aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci bai koma ba. Da ya ji yadda nake murɗa Hausa sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ka sassauta. Can in ka tsaya gyara wa mutane magana, yunwa ce za ta kashe ka kafin a zuba maka abinci."

Muka bi ta Pambegua muka wuce Saminaka, inda aka tsaya kowa ya sayi gasasshiyar masara. A saman motar an ɗaure jarkokin wata mata da za ta je sarin manja. An ce mini babu komai a cikinsu. Babu komai ɗin nan ne ya riƙa ɗiga ta gefen taga duk ramin da muka faɗa, ni kuwa ina gyangyaɗi. Kafin mu kai yankin Kafanchan kafaɗata ta dama ta zama ja wur. Matar ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce in shafa gishiri da lemon tsami. Alhaji Sule ya ce in bar shi haka, ai a Lafia wannan shaidar ce ta mutumin kirki mai cin abinci.

A kan iyakar Kaduna da Nasarawa muka tarar da shinge. Wani jami'i ya ce kowa ya buɗe kayansa. A jakata ya ga kwamfuta, da wayoyin haɗi a nannaɗe, da wani ɗan akwati cike da layukan gwaji. Ya ɗaga akwatin sama ya ce, "Oga, SIM nawa mutum ɗaya zai riƙe? Kai ɗan yahu ne, abi?" Jin ya kira ni ɗan damfara raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya ina lissafa masa makarantun da na yi. Alhaji Sule ya taka mini ƙafa, ya ce wa jami'in wannan likitan waya ne, manoma suka kira shi. Jin haka sai fuskar mutumin ta sake, ya zaro tasa wayar daga aljihu. Ya ce kwana huɗu ke nan ba ta ƙara in an kira shi, matarsa har ta daina yi masa magana. Na duba, ashe shi da kansa ya danna ta shiru bai sani ba. Da na gyara ta yi ƙara, sai ga abokan aikinsa biyu kowa da tasa a hannu. Direba ya yi ta danna oda, ni kuwa ina bakin titi da jar kafaɗa ina duba wayoyin hukuma.

A Akwanga mata suka yanyame motar da lemo da ayaba da gyaɗa. Gaba kaɗan akwai wata gangara mai lanƙwasa da kowa yake shakka. Direban da ya yini yana surutu ya kashe rediyo ya kama sitiyari da hannu biyu. Alhaji Sule yana salati a damana, mai manja tana kiran sunan Yesu a bayana, babu wanda ya ce wa wani ya rage murya. Da muka sauka ƙasa lafiya kowa ya ce amin, direba ya mayar da rediyonsa.

La'asar sakaliya muka shiga Lafia. Alhaji Sule ya nuna mini wani ɗan masauki a Azuba, ya ce mai wurin mutuniyar kirki ce. Ta tarbe ni da cewa, "Sannu da zuwa, Oga. Wuta ya zo, amma ruwa ya tafi." Ta miƙo mini bokiti. Na buɗe baki zan ce wuta ta zo ake cewa, sai na tuna gargaɗin Alhaji na rufe. Ban yi asara ba, domin ita ce ta karɓi shaddar ta fitar da manjan tas, ban san da me ba.

Abinci kuwa sai wanda ya gani. Mu a gida sakwara abincin biki ce, sai an yi baƙo na musamman ake jin lugudenta. A can tun hantsi turmi yake kuka. Na shiga wata rumfa na ce a ba ni kaɗan, aka dire mini malmala kamar kan jariri, da miyar agushi mai ganye da busasshen kifi. Na ce ba zan iya rabinta ba. Ban san lokacin da na suɗe kwanon ba. Da asuba ladan ya tashe ni daga gabas, ina idar da salla kuma ganga ta ɗauka daga wani coci a yamma. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne mata a kan babur, su ke tuƙa kansu, da buhu a baya, suna yi wa 'yan acaɓa oda su ba su hanya.

Ran Laraba na hau acaɓa zuwa Shabu. Ofishin ƙungiyar ɗaki uku ne a jere, da bishiyar mangwaro a tsakar fili. Baba Agbo dogon tsoho ne mai furfura, tafin hannunsa kamar fatar ganga saboda noma. Madam Rifkatu kuwa ba haka na zana ta a raina ba. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, da tabarau rataye a wuya, mai magana a hankali. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku take riƙe da su da wannan aikin. Ta san ni ne na rubuta rahoton. Duk da haka ta ɗauko kofi ta zuba mini kunun gyaɗa mai zafi daga fulas ɗinta. Na karɓa na sha.

Ɗakin na'urar tsaf yake, ko ƙura babu. Na bi komai ɗaya bayan ɗaya. Na gwada wutar da ke shigowa, na gwada batura, na taɓa jikin sabar ko tana zafi, na buɗe ta na duba fankarta, na girgiza kowace igiya. Babu abin da ya motsa. Yini guda na zauna ina kallonta tana karɓar kira ɗai-ɗai cikin natsuwa, ko tari ba ta yi ba.

Da yamma Madam Rifkatu ta ce, "Yau ba zai yi ba, Oga. Gobe ne zai yi."

Na ce, "Don me gobe?"

"Gobe kasuwa ne."

Na ce, "Haba Madam! Saƙonnin ƙarshe ran Asabar suka shigo mini. Gobe kuma Alhamis."

Ta sa tabarau ta dube ni, sannan ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu. "Asabar an ci kasuwa. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Kasuwa. Wurin ku ba haka ba ne?" Ta nuna mini kalandar cocinsu da ke rataye a bayan ƙofa. Duk ranar da na'urar ta yi ta suma ta zagaye ta da jan biro. Zagayen ba su sauko a layi ɗaya ba kamar Larabar ƙauyenmu, a karkace suke tafiya, kowanne yana ja da baya kwana biyu. Ashe kasuwar da ke bayan garin kwana biyar-biyar take ci, ba ruwanta da mako. Na tsaya ina kallon kalandar nan.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Baba Agbo ya nuna Rifkatu ya ce, "To ai shi ne. Ranar kasuwa hankalin shi yana kasuwa, yana sauri ya fita, shi ya sa yana taɓa abin da bai kamata ba. Kai ne ka rubuta hannun mutum, Injiniya." Ka ji yadda maganata ta dawo ta tsaya mini a gaba. Na roƙe shi abu ɗaya: gobe ya kulle ɗakin da hannunsa, ya sa makullin a aljihunsa, kowa ya zauna a waje.

Haka aka yi. Ran Alhamis da safe, bayan ta naɗi farashi, Madam Rifkatu ta miƙa makulli ta koma gindin mangwaro ta zauna a kan benci. Na ziro igiya ta taga na haɗa da kwamfutata, yadda duk abin da sabar ta yi zai rubutu a wurina ko da ta faɗi. Ƙarfe takwas shiru, tara shiru. Baba Agbo ya fara kallon agogo yana kallona. Ni kaina na tsorata, domin in ba ta faɗi ba yau da ƙofa a kulle, na gama kashe matar nan. Ban taɓa roƙon Allah na'urar da na haɗa ta lalace ba sai ran nan.

Wajen goma da rabi wayata ta yi ƙara a aljihu. Ta mutu ta tashi. Wallahi ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba. Kafin in zauna wani saƙon ya sake shigowa. Baba Agbo ya laluba aljihunsa ya ji makulli yana nan, ya dubi ƙofar, ya dubi Rifkatu a kan benci. Na duba allon kwamfutata na ga filashin yana zuba kamar ruwan sama. Lamba ɗaya sau uku, ta gaba sau uku, ta gaba sau uku, babu numfashi a tsakani. Na ce, "Wane ne yake mana wannan aika-aika?" Madam Rifkatu ta leƙo ta karanta lambobi biyu uku, ta ce, "Wannan mutanen ƙetaren rafi ne. Mama Doshima ya iso kasuwa."

Ta hau babur ɗinta ta yi gaba, Baba Agbo ya goya ni a nasa muka bi ta, ba mu kamo ta ba sai a bakin kasuwa. Muka ratsa tsibin doya da ya fi ni tsawo, muka wuce masu awon riɗi, har wata rumfar cajin waya mai faifan sola a kan rufi. A gabanta wata tsohuwa ce, Mama Doshima, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, da daro a tsakanin ƙafafunta, cike da wayoyi. Kowace waya an ɗaura mata ƙyalle ko zare mai launi daban don a gane mai ita. Tana ɗauka, ta danna, ta katse, ta danna, ta katse, ta danna, ta katse, ta ajiye a gefe ta ɗauki wata. A bayanta ga wasu mata huɗu, kowacce da nata daron.

Madam Rifkatu ta yi mini bayani. Ƙauyukansu babu wuta babu netwok. Tun da aka buɗe rumfar nan, ran kasuwa kowane ƙauye yake tara wayoyinsa ya ba mace guda ta kawo caji. Da damina ta kama kowa yana son sanin ranar tarakta, sai mai daron ta yi wa kowace waya filashin, saƙon mai ita ya shigo, ta mayar masa da yamma.

Na durƙusa na gaishe da tsohuwar, na ce, "Mama, me ya sa sau uku? Ai sau ɗaya ya isa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗaya gaisuwa ne. Biyu, na sauka lafiya. Uku shi ne kira ni. In na yi ɗaya, inji zai ce gaishe shi kawai na yi."

"To in bai kira ba fa?"

"Sai na sake uku." Sannan ta tambayi Rifkatu wane ne wannan. Da aka ce mata ni ne mai injin, sai ta ajiye wayar hannunta ta gyara zama. "Kai ne? Inji naka ba shi da tarbiyya. Tsofaffi suna kira, yana yin kamar bai ji ba. Rana yana dukan mu a nan har la'asar." Matan nan suka fashe da dariya, har da mai caji. Baba Agbo ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

A tsugunen nan na gane komai, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Lokacin da na tsara sabar, manomi ɗaya na hango a ƙofar gidansa yana filashin sau ɗaya. Duk filashin da ya shigo sai ta ƙirga shi mutum guda ta sa a sahu, kuma ban yi wa sahun iyaka ba. Daro biyar, kowace waya sau uku, in an ji shiru a sake uku, sai sahun ya cika mata ciki ta sandare. Mai gadin ya kashe ta ya kunna, ta farka ta tarar da sahun nan yana jiranta, ta sake faɗuwa. Haka za ta yi ta yi har kasuwa ta watse.

Na ce to, a sanar da mutane su riƙa yin sau ɗaya. Madam Rifkatu ta girgiza kai ta ce, "Ba za su yarda ba, Oga. Koya wa inji ya san uku ɗaya ne." Muka koma ofis. Gyaran da ya hana ni sukuni wata biyu bai ci awa guda ba. Lamba ɗaya gurbi ɗaya ko ta yi filashin sau goma, sahu ya samu iyaka, saƙon rubutu ya riga kira fita, bayanan faɗuwa kuma su daina gogewa. Madam Rifkatu ta kira mai caji ta ce a gaya wa su Mama su sake gwadawa. Muka zuba wa allon ido. Filashin ya zubo kamar ɗazu, sabar ta haɗiye shi tana aikinta. Wayata ba ta sake ƙara ba har yamma.

Ran Juma'a da hantsi kwamiti ya zauna a gindin mangwaro. Wani ya buɗe da addu'ar Kirista, wani ya bi da fatiha. Na shirya jawabina tsaf, cewa an gano matsala a tsarin sahu kuma an shawo kanta. Ina cikin zuba wannan Baba Agbo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Injiniya, takarda da ka rubuta, a nan aka karanta shi, kowa ya gane. Wannan ma faɗa shi yadda kowa zai gane."

Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ran nan ba. Na ajiye takardar na miƙe tsaye, na ce Madam Rifkatu ta gaya mini gaskiya tun ranar farko, ni ne ban saurare ta ba, don na ɗauka duk duniya Laraba take cin kasuwa. Na ce na rubuta abin da ban gani ba, kuskuren da ke cikin na'urar ma ni na saka shi da hannuna. Na juya wurinta na ce ta yafe mini.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ta ce, "Na yafe, Oga. Amma ka sani, yarana sun ji a coci an ce maman su yana ɓata injin manoma. Ƙaramin ya tambaye ni ko gaskiya ne." Wannan maganar ta fi duk abin da ya same ni a tafiyar zafi, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunya. Baba Agbo ya zaro makulli daga aljihunsa ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ran Lahadi shi da kansa zai tashi a cocin ya warware maganar. Aka tafa. Kafin in tafi ta shiga ɗakin ta yago shafin watan da ya wuce daga kalandar, mai jajayen zagayen nan, ta ninke ta ba ni. Ta ce in kai Zariya in koya wa mutanenmu ƙirga.

Ran Asabar na kamo hanya da doya shida da Mama Doshima ta aiko, da galan ɗin manja da na tabbatar an ɗaure shi a but ɗin mota. Hadiza ta tarbe ni ta karɓi kaya. Ba ta tambaye ni wa ya yi gaskiya ba, daga baya dai ta kalli shafin kalandar da na manna a bangon shago ta yi murmushi.

Na ƙirga da yatsu kamar yadda aka koya mini, kasuwa ta gaba ta faɗo ran Talata. Ran nan ban fita ko'ina ba, na ajiye waya a gabana ina jira. Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce, babu gargaɗi ko ɗaya. Bayan azahar wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Na duba, lambar Madam Rifkatu ce. Na riƙe wayar ina jiran na biyu da na uku. Ba su zo ba.

Hadiza ta ce, "Ba za ka kira ta ba?"

Na ce, "A'a. Ɗaya gaisuwa ce." Na danna lambarta, na bari ta yi ƙara sau ɗaya, na katse.